Tsohon Gem a Sabon Talabijin: Wace Hanya Ce Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya zaro tsohuwar Nintendo ko Sega ko PlayStation ta farko daga cikin kwali, ya kakkaɓe mata ƙura, ya jona ta a talabijin ɗin bango na zamani, abubuwa biyu ne suke fara tarbarsa. Na farko shi ne hoton ya fito a dagule, mutanen cikin wasan sun yi faɗi sun gajarce, rubutun kuma ya yi dishi-dishi. Na biyu, wanda ya fi ɓata rai, shi ne hannu ya daina jituwa da ido: mutum ya danna tsalle a daidai bakin ramin da ya haddace tun yana yaro, amma Mario ya makara ya rufta ciki. Da yawa suna ɗora laifin a kan tsufan na'urar, ko kuma su ce shekaru ne suka rage musu zafin nama. A mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, hannun ma haka, talabijin ɗin ne ba a ƙera shi domin wannan aiki ba.

Na'urorin gem tun daga Famicom ɗin Nintendo ta 1983, da Mega Drive ɗin Sega ta 1988, da Super Nintendo ta 1990, har zuwa PlayStation ta 1994, kusan dukansu suna fitar da hoto mai layuka kimanin 240 ne, suna kuma sake zana shi gaba ɗaya sau sittin a kowace daƙiƙa. Wannan tsari, da ake kira 240p, wata dabara ce da masu ƙera gem suka yi wa tsohon talabijin mai ƙaton baya, domin shi siginar gidajen talabijin ta asali tana zuwa ne rabi-rabi, a zana layukan mara a wannan zagaye, a zana na cika a zagaye na gaba. Tsohon talabijin ba ya tambaya, duk abin da aka ba shi nan take yake zanawa a kan gilashi. Sabon kuwa yana da ƙwaƙwalwa a ciki, kuma yawancinsu idan suka ga 240p sai su ɗauka irin waccan sigina ce mai zuwa rabi-rabi, su tsaya su tara hotuna biyu su haɗe su, su tace, su faɗaɗa zuwa layuka 1080 ko 2160, sannan su nuna. Daga wannan kuskuren fahimta ne dagulewar hoto da jinkirin suke fitowa tare.

Jinkirin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin da na fi ba muhimmanci a duk wannan kwatance. Hoto guda a wasan da ke gudu sau sittin a daƙiƙa yana ɗaukar milisakan 16.7 ne kacal. Talabijin ɗin zamani da aka bari a saitinsa na kallon fim yakan iya riƙe hoto na milisakan 60 zuwa sama da 100 kafin ya nuna shi, wato abin da ido ke gani ya riga ya wuce da hotuna huɗu zuwa shida. A wasan da ake tafiya a hankali ana karanta labari, irin su Final Fantasy, wannan ba zai dami kowa ba. Amma a Contra, ko Street Fighter II, ko Sonic, inda masu tsara wasan suka auna komai bisa cewa danna maɓalli da motsin allo abu guda ne, hotuna biyar na jinkiri sun isa su mayar da gwani ɗan koyo. Mutum yana iya sabawa da hoto maras kyau cikin mintuna kaɗan, amma hannu ba ya sabawa da makara.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jona wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, kai tsaye a bayan talabijin idan har yana da ramukanta, domin sababbin da yawa sun daina zuwa da su. Wanda zai bi wannan hanya ya fara shiga saitin hoto ya kunna abin da aka rubuta wa Game Mode, wanda ke kashe yawancin tace-tacen da ke jawo jinkiri, sannan ya mayar da fasalin allo daga 16:9 zuwa 4:3, ya haƙura da baƙin fili a gefe biyu. Waɗannan gyare-gyare biyu ba sa cin ko kwabo, kuma sukan rage matsalar sosai. Abin da ba na ba da shawararsa shi ne ɗan ƙaramin akwatin nan mai araha da ke juya wannan waya mai kai uku, wato AV, zuwa HDMI, wanda ya cika shagunan kayan lantarki. An yi shi ne domin bidiyo da DVD, yana yi wa 240p irin kuskuren da talabijin ke yi, yakan buɗe hoton ya cika allo ko ana so ko ba a so, sannan ya ɗora nasa jinkirin a kan na talabijin. Wanda ya saye shi ya samu hanyar jonawa ne kawai, bai samu gyara ba.

Hanya ta biyu ita ce a koma wa tsohon talabijin ɗin kansa, kuma ta fuskar ingancin wasa har yau babu wadda ta kere ta. Jinkiri babu shi kwata-kwata. Motsi yana fitowa tas, domin gilashin yana haska kowane layi na ɗan ƙiftawa ne ya dushe, saɓanin allon LCD da ke riƙe hoto har sai na gaba ya zo, abin da ke sa bango ya yi hazo idan Sonic ya sheƙa da gudu. Sannan masu zanen wasannin a kan irin wannan allo suka yi aikinsu, sun kuma yi amfani da lahaninsa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ruwan da ke kwararowa daga dutse a matakin farko na Sonic the Hedgehog na 1991. Idan aka kalle shi a allon zamani mai kaifi, za a ga sirara-siraran layuka ne a tsaye, ɗaya mai launi ɗaya fanko, abin ba kyan gani. A tsohon talabijin da wayar rawaya, layukan suna narkewa cikin juna, sai ruwan ya fito garai-garai ana hango abin da ke bayansa. Mega Drive ba ta iya yin hoto mai shara-shara da kanta ba, talabijin ne ke ƙarasa mata aikin.

Akwai kuma wasannin da ba sa yiwuwa sam sai da shi. Bindigar harbin agwagi ta Duck Hunt, wadda ta zo da kusan kowace na'urar kwaikwayon Famicom mai kaset rawaya da ta shigo kasuwanninmu, tana aiki ne da wata dabara ta lokaci: idan aka ja kunama allon yana yin baƙi na hoto guda, a hoto na gaba a zana farin murabba'i a inda agwagwar take, idon da ke bakin bindigar ya duba ko ya ga hasken a daidai wannan lokaci. Jinkirin allon zamani yana sa hasken ya iso bayan na'urar ta gama saurare, saboda haka ko an kafa bakin bindigar a jikin allo ba za a samu agwagwa ko ɗaya ba.

Ta fuskar farashi ma wannan hanya tana da sauƙi a wajenmu fiye da Turai da Amurka, inda masu sha'awa suka sa kuɗin waɗannan talabijin ya tashi tun bayan da kamfanoni suka daina ƙera su. Sony ta daina ƙera nata, mai suna Trinitron, a 2008. A nan har yanzu akan same su jibge a shagon mai gyara ko a ɗakin ajiyar gidaje. Wanda zai saya ya leƙa bayansa ya nemi wani dogon rami mai ƙananan huji 20, wanda ake kira SCART. Talabijin na gwanjo da suka fito daga Turai galibi suna da shi, kuma ta nan ne ake shigar da siginar RGB, wadda ke raba ja da kore da shuɗi kowanne a wayarsa, hoton ya fito da tsabtar da wayar rawaya ba ta isa ta bayar ba. Mega Drive da Super Nintendo da Sega Saturn da PlayStation duk suna fitar da RGB ba tare da an taɓa cikinsu ba, waya kawai ake nema.

Sai dai nauyin wannan zaɓi ba kaɗan ba ne. Mai inci 29 sai mutum biyu sun kama, yana cin wuri, kuma yawancinsu sun haura shekara goma sha biyar, don haka gilashin na iya zama ya gaji, launi ya koɗe, gefen hoto ya karkace. Yana shan wuta fiye da na bango mai girmansa, kuma a daidai lokacin kunnawa yakan ja wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, abin da kan sa ƙaramar inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Wanda gidansa ya dogara da sola ya yi wannan lissafi tun kafin ya ɗauko shi. Kada kuma kowa ya buɗe bayansa da sunan gyara, domin akwai wutar da ta haura bolt 20,000 a jikin gilashin mai launi, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare shi daga soket. Masu gyaran da suka san aikinsa suna raguwa, kayan gyaransa ma sai dai a ciro daga wani mataccen.

Kafin a wuce, akwai batun PAL da NTSC, wanda ke shafar duk hanyar da aka zaɓa. Nijeriya tsarin PAL take bi kamar Ingila, mai gudu sau hamsin a daƙiƙa, Amurka da Japan kuwa NTSC mai sittin. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar da aka kawo daga Amurka takan nuna hoto fari da baƙi a talabijin ɗin da ba ya karɓar tsari biyu, matsalar da wayar RGB ke kawarwa idan talabijin ɗin yana iya bin gudun sittin. Wasanni da yawa na wancan zamani an rubuta su ne domin sittin, da aka kawo su Turai ba a gyara su ba, sai suka riƙa tafiya da ragin kusan kashi 17 cikin ɗari na sauri, da baƙin fili a sama da ƙasa. Sonic na farko a Mega Drive ta Turai har kiɗansa ya fi nawa. Wanda ya tashi da na'urar Turai zai iya jin na Amurka ya yi masa gaggawa, kuma wannan ba lahani ba ne, asalin gudun wasan ke nan.

Hanya ta uku ta wanda yake da na'urar asali da kaset-kaset ɗinsa ce, amma ba shi da wurin ajiye tsohon talabijin. Ana samun akwatunan da aka ƙera musamman domin su karɓi 240p, su gane shi a matsayinsa, su ninka layukansa, su miƙa wa talabijin ta HDMI ba tare da ɓata lokaci ba. Framemeister na kamfanin Micomsoft na Japan ne ya fara yin suna a wannan fage, amma an daina ƙera shi. Sai OSSC, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Finland, Markus Hiienkari, ya tsara, wanda ba ya tara hoto ko kaɗan, layi-layi yake ninkawa yana turawa, saboda haka jinkirinsa bai kai milisakan guda ba. Lahaninsa biyu ne. Ba ya karɓar wayar rawaya, sai RGB ko waya mai kai kore da shuɗi da ja, don haka ba shi da amfani ga Famicom ko Nintendo 64 da ba a yi musu aiki a ciki ba. Sannan yana miƙa siginar da ainihin gudun na'urar, wanda bai cika daidaita da ƙa'idar HDMI ba, wasu talabijin su karɓa, wasu su nuna baƙin allo, musamman da Super Nintendo.

RetroTINK na Mike Chi ya fi sauƙin sha'ani. Samfurin 2X na 2018 yana karɓar wayar rawaya, yana ninka hoto sau biyu, ba shi da wani saiti mai rikitarwa. Samfurin 5X Pro na 2021, mai kimanin dala 300, ya magance wata matsala da masu PlayStation suka sani: wasanni irin su Silent Hill da Chrono Cross suna sauya tsarin hoto idan aka buɗe jerin kaya, allon ya ɗauke na daƙiƙoƙi, mutum ya dawo ya tarar dodo ya riga ya kai masa hannu. Na 4K da ya fito a ƙarshen 2023 a kan dala 750 yana iya kwaikwayon zanen gilashin tsohon talabijin har ido ya kusa yarda. Akwai ɗan lissafi a nan da ke bayyana fifikon 4K: 240 sau tara daidai yake da 2160, kowane ɗigo ya zama tara cif, alhali 1080 yana ba da huɗu da rabi ne, dole a bar baƙin fili ko a yanke gefen hoto ko a bar wasu layuka su fi wasu kauri. Amma idan aka juya dala 750 zuwa naira, aka ƙara kuɗin dako da na wayoyi masu kyau na kowace na'ura, ni dai ban ga hujjar sayensa ba sai ga wanda ya tara na'urori biyar ko shida yana kuma wasa da su a kai a kai.

Hanya ta huɗu ita ce a rabu da na'urar asali, a bar manhaja ta kwaikwayi aikinta a kwamfuta ko waya ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi. RetroArch ta tattara masu kwaikwayon na'urori da dama a wuri guda, DuckStation ta ƙware a PlayStation ta farko, PCSX2 kuma a ta biyu. Duk kwamfutar tafi-da-gidanka ta shekaru goman da suka wuce za ta ɗauki wasannin Nintendo da Sega ba tare da nishi ba. A nan hoton yana fita ne ta HDMI tun asali, babu abin da talabijin zai yi kuskuren fahimta, ana iya adana wasa a kowane wuri, wanda ba ƙaramar ni'ima ba ce a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ana kuma iya ɗora matatar hoto da ke dawo da narkewar launi irin ta ruwan Sonic. Wasannin PlayStation masu siffar 3D har sukan fi na asali kyau, domin ana iya zana su da ɗigo masu yawa.

Rauninta shi ne jinkirin da ke taruwa kaɗan-kaɗan, daga hannun wasa, zuwa tsarin kwamfutar, zuwa manhajar, zuwa allon. Ana rage shi da hannu mai waya a maimakon na Bluetooth maras inganci, da Game Mode, da kuma wata dabara da RetroArch ta shigo da ita a 2018, inda manhajar ke lissafa hoto ɗaya ko biyu na gaba a ɓoye domin ta share jinkirin da ke cikin wasan kansa. Idan aka daidaita waɗannan, bambancin da na'urar asali yana raguwa har yawancin mutane ba za su ji shi ba. Abin da hanyar ke ci shi ne haƙurin zama a yi saiti. Wasa a kan gilashin waya da yatsa kuwa, ba tare da hannun gem ba, bai dace da komai ba sai wasannin da ba sa buƙatar sauri. Ya kamata kuma a sani cewa yawancin waɗannan wasanni har yau mallakar kamfanoninsu ne, kuma Nintendo musamman ba ta wasa da masu rarraba su a intanet.

Ƙananan na'urorin da kamfanonin suka fitar da kansu ma kwaikwayon manhaja ne a cikin kyakkyawar riga. NES Classic ta 2016, mai kwaikwayon NES, wato Famicom ta Amurka da Turai, ta zo da wasanni 30, SNES Classic ta 2017, mai kwaikwayon Super Nintendo, da 21, Mega Drive Mini ta 2019 da 42, kuma dukansu aikinsu ya yi kyau, a jona HDMI a fara wasa. PlayStation Classic ta 2018 ce ta ba da kunya, domin tara daga cikin wasanninta 20, har da Tekken 3, nau'in PAL ne mai nawa. An daina ƙera su, kuma na jabu sun yi yawa. Shi kuwa ɗan ƙaramin abin nan mai kama da sanda da ake sokawa a ramin HDMI, mai alƙawarin wasanni dubu goma da hannu biyu marasa waya, yawan nasa maimaici ne, hannayensa suna makara, kuma yana sarƙewa a wasannin PlayStation masu nauyi. Ya isa ya ɗebe wa yara kewa a lokacin hutu, amma ba zai gamsar da wanda yake neman abin da ya sani a da ba.

Hanya ta biyar, FPGA, ta masu zurfin sha'awa ce. A maimakon manhaja, ana tsara wani guntun lantarki ne ya ɗauki siffar da'irorin tsohuwar na'urar, ya yi aiki a lokaci guda kamar yadda suke yi, saboda haka jinkirin da kwamfuta ke ƙarawa ba ya nan. MiSTer, aikin da Alexey Melnikov ya fara a 2017 a kan allon lantarki na DE10-Nano, yana ɗaukar Famicom da Mega Drive da Super Nintendo da Neo Geo da PlayStation ta farko da injinan gidan wasa masu yawa, yana kuma iya fitar da hoto ga sabon talabijin da tsoho. Kamfanin Analogue ya yi Super Nt a 2018 da Mega Sg a 2019 masu karɓar kaset na asali. Kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, sai an yi odarsu daga waje, kuma MiSTer bai kai ga PlayStation 2 ba.

Wannan iyaka tana da muhimmanci a wajenmu, domin ga mafi yawan waɗanda suka yi zaman gidan gem a Kano ko Kaduna ko Jos, tsohon wasa yana nufin ƙwallon Winning Eleven da Pro Evolution Soccer a PlayStation 2 ne, ba Mario ba. Ita kuwa wannan na'ura ta shekarar 2000 yawancin wasanninta suna fitar da hoto mai layuka 480 ko 576 rabi-rabi ne, irin wanda talabijin ɗin zamani ya san yadda zai yi da shi. Saboda haka mai PlayStation 2 ba ya buƙatar kashe kuɗi da yawa: waya mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto da biyu na sauti, idan talabijin ɗinsa yana da ramukan, tare da Game Mode, za su kai shi nesa. Wanda fayafayan PlayStation ta farko ne a hannunsa, kowace PlayStation 3 tana karanta su ta fitar ta HDMI, muddin yankin faifan ya dace da na na'urar.

Ga wanda ba shi da tsohuwar na'ura ko ɗaya, ina ganin kuskure ne ya fara da sayenta. Idanun karanta faifai sun raunana, batiran da ke riƙe ajiyar wasa a cikin kaset sun mutu, kuma kowace na'ura tana jan nata kuɗin waya da gyara. Kwamfutar da yake da ita da hannu mai waya guda ɗaya mai kyau sun wadatar, idan sha'awar ta ɗore bayan wata shida sai ya duba MiSTer. Wanda yake da Sega ko Nintendo ko PlayStation ta farko, yana da wuri da wuta, ya nemi tsohon talabijin mai inci 14 zuwa 21 mai ramin SCART, ya sa a kunna masa shi a shago na kamar rabin awa, ya duba ko layukan gefe a miƙe suke kuma fari yana fitowa fari. Idan wurin ne babu, RetroTINK ƙarami ya fi dacewa da mai na'ura ɗaya ko biyu, OSSC kuma ga wanda duk na'urorinsa suna fitar da RGB kuma ya tabbatar talabijin ɗinsa yana karɓarsa.

Duk wanda ya zaɓi na'urar asali ya karanta rubutun da ke jikin abin wutarta kafin ya soka a bango. Ta Japan bolt 100 take so, ta Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce, don haka sai da taransifoma mai rage wuta. Abin wutar NES ta Amurka kuma wutar AC yake fitarwa, alhali Famicom da Mega Drive DC suke karɓa, kuma ko da bakin wayar ya shiga ramin daidai, soka musu abin wutar NES yana iya ƙona su.